Daga Zariya zuwa Kwabenya da Na'urar Gano Radiyeshin

Na'urar da na ɗauka zuwa ƙasar Gana ba ta kai tsawon kamu guda ba, amma ita ce ta tsara mini tafiyar tun daga kujerar da zan zauna a mota har zuwa unguwar da zan sauka. Mun haɗa ta ne a ɗakin gwajinmu da ke Zariya domin auna hasken gamma, wato irin radiyeshin ɗin da ke fitowa daga cikin ƙwayar zarra, yana ratsa katako da jikin mutum ba tare da ido ya gan shi ba. A cikinta akwai kiristal na sodiyam ayodaid mai faɗin inci 2 da tsawon inci 2, an like shi a gwangwanin alminiyam, irin wanda Robert Hofstadter ya nuna amfaninsa a shekarar 1948. Duk lokacin da hasken gamma ya faɗa cikin kiristal ɗin sai ya yi ɗan walƙiya, bututun ninka haske da ke manne a bayansa ya mai da walƙiyar bugun lantarki, girman bugun kuwa shi ne ke nuna ƙarfin hasken da ya shigo. Kiristal da bututu sayensu muka yi, amma allon da ke bai wa bututun wuta mai ƙarfin wajen volt 800, da wanda ke ƙara girman bugun, da wanda ke ƙirga shi ya miƙa wa kwamfuta, duk aikin hannunmu ne.

Dalilin haɗa ta shi ne tsadar irinta ta kamfani, wadda ta sa ɗalibai da yawa suke gama karatun fiziks a jami'o'inmu ba su taɓa ganin zanen ƙirgar gamma, wato hoton da ke nuna yawan bugun da aka ƙirga a kowane ƙarfi, da idonsu ba, sai dai a hoton littafi. Wani abokina, ɗan zangon Kumasi da ke karatu a makarantar nazarin nukiliya ta Kwabenya da ke gefen birnin Akara, ya haɗa allo irin namu daga zane guda, sai muka yi shawarar a jera na'urorin biyu a ɗaki ɗaya, a auna ƙwayoyin gwaji ɗaya, wato ƙananan faya-fayai masu fitar da radiyeshin ɗin da aka san ƙarfinsa, sa'annan a gwada sakamakonsu da na babbar na'urar jamaniyam, wadda ta fi tamu iya tantance ƙarfin hasken gamma. Na tanadi fasfo, da katin rigakafin shawara, da wasiƙar gayyata, da wata takarda mai hatimi da ke shaida cewa babu wani abu mai fitar da radiyeshin a cikin kayana, domin ƙwayoyin gwaji ba abin da ake ƙetare iyaka da su a jaka ba ne, kowace ƙasa tana da hukumar da ke riƙe da lissafinsu.

Motar dare na shiga daga Zariya a kan kuɗi wajen naira 35,000, muka bi ta Kaduna da Abuja da Lokoja, muka wayi gari a ƙasar Yarbawa, muka shiga Legas bayan azahar. Yaron mota ya so ya jefa akwatin a but tare da buhunan albasa, na ƙi, na rungume shi a cinya har Legas. Wannan kiristal ba ya son buguwa, kuma ba ya son sauyin zafi na farat ɗaya, domin idan aka fito da shi daga sanyin mota aka shiga da shi rana tsaka yana iya tsagewa ta ciki, tsagaggen kiristal kuwa ba shi da gyara. Saboda haka na naɗe shi da bargo, ni kuwa na kwana da riga ɗaya ina rawar ɗari, abin da ya ba wani dattijo da ke kusa da ni dariya, har ya tambaye ni ko jariri ne a ciki.

Na kwana a Agege wajen wani ɗan'uwa, da asuba na shiga motar Akara, wadda kuɗinta ya ninka na Zariya zuwa Legas duk da cewa tafiyar ba ta kai rabin waccan nisa ba. Ba a daɗe ba na gane inda bambancin yake tafiya. Daga Badagiri zuwa Seme shinge ne bayan shinge, wani ma kana tsaye a kansa kana hango na gaba, direba kuwa yana da damin takardun kuɗi ƙanana a aljihun gaba waɗanda ya tanada tun daga tasha. A Seme aka buga mana hatimi, na canza ɗan abin da zan kashe a hanya wajen ’yan canji, waɗanda kusan dukkansu Hausawa ne, muka ratsa Kwatano da ’yan acaɓanta masu rawayar riga.

A wani shinge da ke kan wannan hanya ne aka sauke ni da akwatina. Jami'in ya buɗe bargo, ya ga gwangwani mai ƙyalli da wayoyi suna fita daga gindinsa, sai ya ja da baya ya kira na gaba da shi. Na miƙa takardun, babban ya karanta har ya kai kan kalmar nukiliya, daga nan fuskarsa ta canza. Ya ce lalle sai an buɗe gwangwanin ya ga abin da ke ciki, har ya aika a kawo sukuddireba. Na yi masa bayani iyakar iyawata cewa sodiyam ayodaid gishiri ne mai tsotsar danshin iska, idan aka ɓalle murfinsa a bakin teku zai jiƙe ya yi rawaya ya daina aiki, kuma na'urar ba ta fitar da komai, sauraro kawai take yi. Bai gamsu ba, kuma a gaskiya ban ga laifinsa ba, domin aikinsa ke nan ya yi zargin abin da bai sani ba. Wadda ta raba gardamar wata Hajiya ce ’yar kasuwar atamfa da ta saba da hanyar, ta sauko daga mota ta ce mini, "Ɗana, kunna masa kwamfutar ya gani da idonsa, surutu ba zai fisshe ka ba." Na jona na'urar a kan benci, lambobi suka fara hawa a hankali, na gaya masa wannan radiyeshin ɗin ƙasar da yake tsaye a kanta ne da simintin ofishinsa. Ya sa na matsar da ita kusa da bango, ƙirgar ta ɗan ƙaru, ya sa na mai da ita fili, ta ragu. Ya daɗe yana kallo, sa'annan ya ce in tattara in tafi, amma motarmu ta yi asarar fiye da sa'a guda, fasinjoji kuwa ba su ɓoye mini fushinsu ba.

Togo ba ta da faɗi ta bakin teku, kafin mutum ya gyara zama ya shiga Lome, kuma a nan ake mai da agogo baya da sa'a ɗaya. Iyakar Aflawo a cikin gari take, ƙafa ɗaya a Lome ɗaya a Gana, a nan aka duba katin shawara da kyau. Muka haye kogin Bolta ta gadar Sogakofe da yamma, muka bi ta Tema, muka shiga Akara bayan isha.

Abokina ya nema mini masauki a unguwar Madina, gidan wani Alhaji tsohon ɗan kasuwar goro, domin ta fi Nima kusa da Kwabenya. Kakansa daga ƙasar Zazzau ya zo tare da fatake a zamanin da ake kai kanwa da baƙi da jaki Gwanja a dawo da goro, ya zauna a Salaga, ’ya'yansa suka gangaro Kumasi, jikoki suka ƙaraso Akara. Alhaji bai taɓa taka Zariya ba, amma ya san sunayen ƙofofinta, ya kuma tambaye ni ko har yanzu ana rini a cikin birni. Bai karɓi ko sisi na kuɗin ɗaki ba, da na matsa sai ya ce, "Malam, baƙon da ya fito daga garin kakana ba ɗan haya ba ne." Da safe koko mai yaji da citta da ƙosai nake karyawa da su a bakin titi a kan abin da bai wuce sidi 10 na kuɗin Gana ba, da rana wake da shinkafa da aka dafa da karan dafi har suka yi ja, a zuba taliya da gari da dafaffen ƙwai da baƙin yajin nan mai kifi da suke kira shito, wajen sidi 25 zuwa 30. Da dare Hajiyar gidan takan tuƙa tuwo mai laushi da miyar ayoyo, wanda ya fi namu ruwa-ruwa, har na saba da shi. Idan aka juya kuɗin zuwa naira abinci a Akara ya fi na Zariya tsada nesa ba kusa ba, amma wuta ta fi tamu zama, wannan kuwa ga mai aiki irin nawa ba ƙaramin abu ba ne.

Da Hajiya ta ji inda zan riƙa zuwa kullum, wato hukumar nukiliya da ake kira Atomic, sai hankalinta ya tashi. A wajen mutanen Madina sunan Atomic yana tuna musu daren da tashar gas ta fashe a mahaɗar da ake kira Atomic Junction a watan Oktoba na 2017, lokacin da wuta ta haska sama mutane suka bar gidajensu da gudu. Na gaya mata cewa gas ɗin girki ne ya fashe a ranar, mahaɗar kuwa ta samu sunan ne kawai saboda hanyar da ta tashi daga nan ta nufi hukumar nukiliya. Alhaji ya fi son ya ji me ya sa mutum zai baro Zariya da na'urar da ya riga ya ga tana aiki. Da na yi masa bayani sai ya gyaɗa kai ya ce, "Na gane, mudunka ka kawo a gwada da mudun sarkin kasuwa." Ban sami abin da zan ƙara a kan wannan ba.

Daga Madina ƙaramar bas da suke kira tiroto nake shiga, in sauka a mahaɗar, in sake shiga wata ta bi ta Haatso, duka kuɗin bai taka kara ya karya ba, sai dai cunkoson safiya yakan cinye kusan sa'a guda. Harabar Hukumar Makamashin Nukiliya ta Gana fili ne mai faɗi da itatuwa, wanda a da daji ne a bayan gari, yanzu kuwa gidaje sun kewaye shi. An kafa hukumar a 1963, Kwame Nkrumah ya aza harsashin ginin tukunyar nukiliya a wurin ranar 25 ga Nuwamba 1964, da niyyar Tarayyar Sobiyet ta kawo tukunya mai ƙarfin megawat 2. Juyin mulkin 1966 ya tsayar da aikin, sai bayan kusan shekara 30 ƙasar ta sami tukunyar bincike daga Sin, wadda ta fara aiki a ƙarshen 1994. Makarantar da abokina yake karatu an buɗe ta a 2006 da haɗin gwiwar Jami'ar Gana da hukumar nukiliya ta duniya, ɗalibanta kuwa daga ƙasashen Afirka daban-daban suke zuwa. A ƙofa aka karɓi takarduna, aka rubuta lambar kwamfutata da ta na'urar, aka ba ni bajen da ke auna radiyeshin ɗin da jikina ya ɗauka, aka ce kada in cire shi sai zan fita.

Babbar ma'aikaciyar ɗakin awon, mace mai ƙarancin magana, ba ta bari mun taɓa ƙwayar gwaji a ranar farko ba. Ta ce mu sa na'urar a cikin rumbun darma mai tare radiyeshin ɗin waje, babu komai a gabanta, mu bar ta ta kwana tana ƙirga, domin wanda bai san abin da na'urarsa ke ji a ɗaki wayam ba, ba zai iya rantsuwa a kan abin da ta ji daga samfur ba. Da safe muka tarar da zanen da ake tsammani: ɗan tudu a 1461 keV (ma'aunin ƙarfin hasken gamma) na fotasiyam-40 da ke cikin siminti da ƙasa, da wani a 609 na bismut-214 wanda ke fitowa daga iskar radon, da ƙarami can ƙarshe a 2614 na taliyam-208 daga dangin toriyam. Amma a farkon zanen, wajen ƙananan lambobi, tawa na'urar ta tara tulin ƙirga da ta abokina ba ta tara ba, alhali zanen allonmu ɗaya ne. A Zariya ban taɓa ganin wannan ba. Muka canza waya, muka canza soket, muka kashe fitilun ɗaki, tulin yana nan. Ma'aikaciyar ta karɓi allon wutar ta duba shi a ƙarƙashin gilashin ƙara girma, ta nuna mana wani siririn farin gurbi tsakanin ƙafafun da ke ɗauke da volt 800. Ragowar man lika waya ne, wanda a busasshiyar iskar Zariya ba ya yin komai, amma da ya sha danshin Akara sai ya zama hanyar da wuta ke ɗan silalewa tana haifar da bugun ƙarya. Abokina ya daɗe da sanin wannan ciwo, shi ya sa ya shafe nasa allon da varnish tun farko. Muka wanke nawa da sifirit, muka busar da shi, muka shafe shi, muka zuba ƙwayoyin tsotsar danshi a cikin kwanson, tulin ya ɓace. Wannan kaɗai ya biya mini kuɗin mota, domin na'urar da za a raba wa makarantu ba a Zariya kaɗai za ta zauna ba, wata Fatakwal za a kai ta, ita kanta Zariya tana da watan Agusta.

Daga nan aka fito da ƙwayoyin gwaji daga kabad mai kwaɗo, aka sa hannu a littafi. Kowace ɗaya ɗan faifan roba ce mai girman kwabo, da lamba da kwanan wata da ƙarfinta a rubuce, kuma dole a yi lissafin abin da ya rage na ƙarfin kafin a fara, tun da kobalt-60 yakan ragu da rabi a cikin shekara 5.27, siziyam-137 kuwa a cikin shekara 30. Muka fara da amerisiyam-241 mai haske a 59.5 keV, sai siziyam a 662, sai kobalt mai biyu, 1173 da 1332. Da waɗannan ake ɗaure ma'aunin, a san wane gurbi a kwamfuta ne ya yi daidai da wane ƙarfi. Abin da ake yi wa na'ura hukunci da shi shi ne faɗin tudun siziyam a tsakiyar tsayinsa. Mai kyau ta irin wannan kiristal takan ba da wajen kashi 7 cikin 100, tamu biyun suka tsaya kusa da kashi 8, wanda ya ishe mu ga aikin koyarwa. Muka kuma matsar da ƙwayar nesa da kusa a kan ruler, muka tabbatar cewa idan aka ninka nisa ƙirga takan faɗo zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Da muka manna ta a fuskar gwangwanin sai allonmu ya fara haɗiye bugu, domin yayin da yake aikin auna ɗaya wani yakan shigo ya wuce ba a lissafa shi ba, muka rubuta iyakar saurin da za a iya amincewa da shi.

Mafi yawan aikin jira ne. Rubewar ƙwayar zarra ba ta da tsayayyen lokaci, saboda haka kuskuren ƙirga yana bin tushen murabba'in adadin da aka tara: wanda ya tara 100 yana da shakkar kashi 10 cikin 100, wanda yake son ta sauko zuwa kashi 1 sai ya jira ya tara 10,000. A cikin wannan jira ne muka lura cewa tudun siziyam ba ya zama wuri ɗaya, da safe yana wani gurbi, idan ɗaki ya ɗumama da rana ya gusa kaɗan, idan aka kunna na'urar sanyaya ɗaki ya dawo. Kiristal da bututu duka suna jin zafi. Muka manna ma'aunin zafi a jikin gwangwanin muka riƙa rubuta gurbin tudun da zafin ɗakin tare, har muka cika shafuka.

Ranar da aka jera sakamakonmu da na jamaniyam ita ce ranar da na ga iyakar abin da muka ƙera. Na'urar jamaniyam tana zaune a kan tulun ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, ba a ba ta wuta sai ta yi sa'o'i tana sanyaya, kuma dole a riƙa cika tulun a kai a kai, abin da ya sa riƙe ta ya fi sayenta wuya a ƙasashenmu. Inda tamu ta zana tuddai biyu masu faɗi na kobalt da kwari a tsakaninsu, ita layuka biyu ta tsayar sirara, faɗin kowanne wajen 2 keV. Ma'aikaciyar ta buɗe mana zanen wani samfurin ƙasa da aka riga aka gasa da niyutiron a tukunyar nukiliya domin ya riƙa fitar da hasken gamma, ta nuna mana layuka uku a jere: buromin-82 a 554, arsenik-76 a 559, antimoni-122 a 564. A na'urarmu, wadda faɗin tudunta a wannan yanki ya haura 40 keV, ukun nan dunƙule ɗaya za su zama, ba mai iya cewa ga arsenik ga buromin. A ƙasar da haƙar zinariya ta bayan fage, wadda suke kira galamse, ta gurɓata koguna, sanin yawan arsenik a ƙasa da ruwa ba wasan ɗalibai ba ne. Ra'ayina shi ne duk wanda zai raba na'ura mai araha ya wajaba ya rubuta a jikinta abin da ba za ta iya ba, domin kwamfuta ba ta ƙin fitar da lamba, kuma ɗalibi yakan yarda da duk lambar da ta fito da ɗigo da sifirai a bayanta.

An zagaya da mu zauren tukunyar nukiliyar, na ji kamar ban bar gida ba, domin tagwaye suke da ta Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta fara aiki a 2004. Dukkansu ƙirar Sin ne masu ƙarfin wajen kilowat 30, ba a yi su don ba da wutar lantarki ba, sai don samar da niyutiron. Cibiyar tukunyar ba ta fi bokiti girma ba, tana can ƙasan ruwa, an kewaye ta da ƙarfen beriliyam, sanda ɗaya ce ta kadmiyam ke sarrafa ta. Samfur a ɗan kwalbar roba ake sa shi, iska ta harba shi ta bututu zuwa gefen cibiyar, ya sha niyutiron, ta dawo da shi a kai gaban na'urar awo. A 2017 Gana ta sauya makamashin tukunyarta daga yuraniyam da aka tace fiye da kashi 90 cikin 100 zuwa mai kashi 13, aka mai da tsohon Sin, ita ce kuma ta fara yin haka a cikin ƙasashen da Sin ta sayar wa irin wannan tukunya. Tamu ta Zariya ta biyo baya a 2018, ma'aikatanmu ma a nan Kwabenya suka yi atisayen cire tsohon makamashin. Gwajin da ya fi faranta mini rai shi ne na ɗan manganis da aka gasa aka kawo mana: muka sa shi gaban na'urorin biyu muna bin tudunsa na 847 keV tun hantsi har la'asar, ƙirgar tana raguwa da rabi duk bayan sa'a biyu da rabi da ’yan mintuna, daidai da sa'a 2.58 da aka sani ga manganis-56.

Ranar Juma'a Alhaji ya kai ni babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka gina da kubbobi da dogayen hasumiyoyi aka buɗe shi a 2021, daga nan muka shiga kasuwar Nima, inda Hausa ce harshen ciniki tsakanin Dagomba da Zabarmawa da Mosawa da Fulani. A hanyar dawowa ne Hajiya, wadda ke sayar da sabulun salo a ƙofar gida, ta ce tun da na ce na'urata tana jin abin da ke cikin ƙasa da siminti, to in gaya mata ko akwai wani abu a sabulunta. Tambayar ta fi yadda ta zata ma'ana, domin da tokar ɓawon koko da na ayaba ake yin wannan sabulu, tokar kuwa cike take da fotasiyam, kuma a cikin kowane fotasiyam na duniya akwai ɗan kaso na fotasiyam-40, wajen kashi 0.012 cikin 100. Na nemi izini a ɗakin awo, muka naɗe curi guda a leda muka sa a rumbun darma, kafin a yi sa'a guda tudun 1461 ya tashi ya ninka na ɗaki wayam a fili. Na kawo mata hoton a waya. Ta dube shi ta ce, "To, Malam, yau shekara nawa ina wanka da shi ina yi wa jikoki, yanzu sai ka ce in daina?" Na ce, "A'a Hajiya, irinsa yana cikin ayaba da wake da kike ci, yana cikin jikina da naki tun ranar da aka haife mu, wajen rubewa 4,000 a kowace daƙiƙa a jikin babban mutum, kuma babu mai rai da ba shi da shi." Alhaji ya yi dariya ya ce kada dai maƙwabta su ji, kasuwa ta mutu. Shawarar da na yanke a ranar ita ce makarantar da ba ta da lasisin ajiye ƙwayar gwaji tana iya ɗaure ƙarshen ma'auninta da curin sabulun salo ko da buhun takin fotash.

Dawowa ta hanyar da na zo na bi, sai dai wannan karon na sa kwamfutar a saman jaka da cajinta cike, na kuma buga zanen siziyam a takarda, shingen da aka tambaya na nuna, ba a riƙe ni ba. Hajiya ta cika mini leda da sabulu da kwalbar shito, Alhaji ya ba ni goro in kai wa limamin unguwarmu. Na iso Zariya hunturu ya kankama, zafin ɗakin gwajinmu tsakanin asuba da azahar yana bambanta fiye da duk abin da muka gani a Akara, tudun siziyam kuwa yana yawo daidai gwargwado. Yanzu muna ɗora ƙaramin ma'aunin zafi a kan allon kansa domin kwamfuta ta riƙa gyara gurbin da teburin da muka cika a Kwabenya, idan ya tsaya kuma za mu kai na'urar tsofaffin ramukan kuza na Filato, inda yashin da aka zubar yake ɗauke da toriyam, mu ga yadda za ta yi da layin 2614 a fili ba tare da rumbun darma ba.